Ɗigo a Ƙarƙashin Fiffiken Hagu

Ƙarfe goma da 'yan mintuna na dare aka jawo jirgin cikin rumfa. Airbus A320 ne, ya wuni yana kai da kawowa tsakanin Legas da Abuja da Kano. Wanda ya zagaya shi da tocila bayan saukarsa ta ƙarshe ya riga ya rubuta a littafin jirgi cewa ya ga jiƙa a ƙasan fiffiken hagu, can wajen ƙarshe, inda marfin da ake kira eliron yake. Ga shi kuma an sa jirgin a tashin ƙarfe bakwai na safe.

Shekarata ta biyu ke nan da fitowa daga kwalejin jiragen sama ta Zariya, ban kai matsayin sa hannu a sallami jirgi ba. Aikina riƙe tocila, miƙa sifana, goge mai. Wanda nake ƙarƙashinsa wani dattijo ne Bakatsine, tun zamanin Nigeria Airways yake taɓa jirage, ya yi aiki a kan tsohon Boeing 737 da kuma DC-10. Kowa Oga yake ce masa, ni kuwa in mun keɓe Baba nake cewa. Daren nan ya haska jiƙar, ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo mini tsumma. "Yau kai za ka yi," in ji shi, "ni zan riƙe maka tocila."

Duk wanda ya taɓa zama kusa da taga ya ga eliron, ko da bai san sunansa ba. Wani dogon marfi ne a bakin fiffike ta baya, kusa da ƙarshe. In na hagu ya ɗaga sama na dama ya yi ƙasa, jirgi sai ya karkata hagu. A jela akwai elibeta, mai sa hanci ya kalli sama ko ƙasa, da roda da ke tsaye, mai juya hanci gefe. Fitar da tafin hannunka ta tagar mota a hanyar Kaduna ka ji yadda iska ke fizgar sa, sannan ka tuna marfin nan ya fi ƙyauren ɗaki tsawo, jirgin kuma yana gudun sama da kilomita 800 a awa. Ba ɗan Adam da zai iya juya shi da damtse. A A320 ma ba igiyar ƙarfe ko ɗaya tsakanin hannun matuƙi da eliron. 'Yar sandar da ke gefensa saƙo kawai take aikawa ga kwamfuta, kwamfuta ta aika ta waya zuwa fiffike, can kuma akwai abin da zai yi aikin ƙarfin. Shi muke kira akcuweta. In ka san jak ɗin da ke ɗaga bodin tifa, to ɗan'uwansa ne, sai dai wannan yana turi yana ja, kuma ya san daidai inda zai tsaya.

Lissafin ba wuya. Man haidirolik na A320 yana aiki da matsin fam 3,000 a kan kowane inci murabba'i, kusan ninki 100 na iskar da ke cikin tayar mota. A ma'aunin da muka fi sabawa, kimanin kilo 210 ke nan a kan kowane santimita murabba'i. Fistin da faɗin fuskarsa bai wuce santimita murabba'i 10 ba zai yi turin da ya haura tan 2. In an kashe famfo kuwa, duk ƙarfin nan ya tafi. Shi ya sa in ka leƙa jirgin da ke ajiye za ka ga eliron duka biyu sun langaɓe ƙasa kamar kunnuwan balami.

Abu na farko, ba a yanke wa akcuweta hukunci don an ga jiƙa. Kowacce tana ɗan yin gumi a inda sandar fistin ke shiga da fita, littafin gyara ma ya yarda da haka, ya kuma sa iyaka. Na buɗe murfin da ke ƙasan fiffike, na goge wurin tas har ya bushe. Akcuweta biyu ne a jere, kowacce da layin man da take sha. Jirgin yana da layi uku, kore da shuɗi da rawaya. Suna ne kawai, man ciki duka iri ɗaya ne, launinsa shunayya. Injin na 1 ke juya famfon kore, injin na 2 ke juya na rawaya, shuɗi kuma famfon lantarki ne da shi. A eliron na hagu, ta layin shuɗi ce ke aiki kullum a ƙarƙashin kwamfutar da ake kira ELAC ta 1. Ta kore tana biye da ita ne kawai, tana hana marfin kaɗawa, tana jiran ranar da za a neme ta.

Wani abokin aikinmu ya hau ɗakin matuƙa ya kunna famfon shuɗi. Na ji kukansa daga cikin jirgi, sai eliron ya miƙe tsam kamar an tashe shi daga barci. Oga ya ce a riƙa kai sanda hagu da dama sannu a hankali, ni kuma in zuba ido a bakin sandar fistin. Har na ɗaga yatsa zan shafa wurin, ya buge mini hannu. "Kada ka kuskura. In huda ce ƙarama, man nan zai fasa fata ya shige nama kamar allura." Na mayar da hannu aljihu.

A juyi na uku sai ga shi. Wani ɗan ƙwallo mai sheƙi ya taru a leɓen robar, ya yi nauyi, ya yi tsawo, ya faɗo a kan farar takardar da na shimfiɗa. Na ce, "Baba, ai wannan da gani ya yi yawa." Ya ce, "Ido ya san kima, amma a nan ba a aiki da kima. Ƙirga." Muka ƙirga, muka gwada da abin da littafi ya ce. Ya wuce iyaka. Sai a canza.

Daga nan zuwa lokacin da na ɗora sifana a kan noti na farko an ɗauki kusan awa guda, kuma duk a kan kashe abubuwa ta tafi. Aka kashe famfo. Aka ci gaba da motsa sanda har allurar matsi ta sauka sifiri, domin akwai wata 'yar tukunya mai iskar nitirojin da ke riƙe matsi ko bayan famfo ya tsaya. Tankin man kansa yana da iska a kansa, wajen fam 50, don kada famfo ya zuƙi kumfa, ita ma sai da na sace ta. Na ciro fis-fis ɗin da takardar aiki ta lissafa, kowanne na maƙala masa zobe da jan ƙyalle. Na rataya gargaɗi a kan sandunan matuƙa biyu da kan allon haidirolik. Wanda bai san aikin ba zai ce ɓata lokaci ne. Amma hannuna zai shiga tsakanin fiffike da marfin da ake tura shi da ƙarfin tan-tan, kuma ya isa wani ya hau sama ya danna maɓalli ɗaya don yana neman gwada wani abu dabam.

Sai maganar man. Skydrol ne, irin wanda ba ya saurin kama wuta, dalilin da ya sa jiragen fasinja suka koma kansa ke nan. Sai dai abin da ya ba ka ta nan ya karɓe ta can. Yana cin fenti, yana narkar da robar da ba tasa ba, in ya shiga ido kuwa barkono wasa ne. Na sa tabarau da safar hannu, duk da haka sai da wani ɗigo ya gangaro ta hannun riga har gwiwar hannu, na kwana ina jin raɗaɗinsa.

Na cire filogin wayoyi, na cire 'yar wayar da ke haɗa jikin akcuweta da jikin jirgi saboda tsawa da tartsatsi, sannan na zo kan hanyoyin mai. Lokacin hunturu ne, ƙurar da ta taso daga arewa ta iso har Legas, kana ganin ta tana yawo a hasken fitilun rumfa. Oga ya tsaya da murafan roba a tafin hannunsa, duk ramin da na buɗe kafin in ɗaga kai ya toshe shi. A nan ne ya yi mini bayanin da malaman aji suka yi ta yi ban kama ba sai daren.

A kan akcuwetar akwai wani ɗan akwati da bai kai dunƙulen hannu ba, shi ne bawul mai karɓar umarni. Wutar da kwamfuta ke turo masa 'yan miliamfa ne, ko kusa ba ta kai wadda cajar waya ke ja ba. Wutar nan tana karkata wani ɗan siririn ƙarfe, karkatar ta sa matsi ya fi yawa a gefe ɗaya na wani ɗan sanda mai zamewa, sandan ya gusa, ya buɗe wa mai hanya zuwa gaban fistin ko bayansa, wanda ke ɗaya gefen kuma ya koma tanki. A cikin fistin ɗin akwai ma'auni da ke shaida wa kwamfuta inda aka kai. Ita kuwa kullum tana gwada inda ta ce a je da inda aka je. Da tazarar ta ƙare sai ta mayar da bawul tsakiya, mai ya kulle ta gaba da baya, marfi ya tsaya cak ko iska na dukan sa. Tsakanin sandan nan mai zamewa da gidansa kuwa, ratar ba ta kai kaurin silin gashi ba, nesa ma. "Ƙwayar rairayi ɗaya," in ji Oga, yana nuna mini ƙurar da ke yawo, "ta isa ta sa wannan abin ya yi gardama da kwamfuta a sama."

Muka tallafe eliron don kada ya faɗo da nauyinsa, na zare ƙusar da ta haɗa kan sandar da marfin, na kwance na jikin fiffike. Ta fito tana ɗiga. Sabuwar na cikin akwatinta, amma Oga bai bar ni na taɓa ta ba sai da muka karanta takardar shaidarta, muka gwada lambar kaya da lambar jiki harafi bayan harafi da abin da ke rubuce a ƙarfen. Ɗaurawa ba ta ba ni wuya ba. Sababbin robobi, kowacce a jiƙa ta da man da za ta zauna a ciki. Kowane noti da sifana mai ma'auni, ka ja har ta yi ƙas, ka tsaya, ba ƙari don neman lada. Na ƙarasa da wayar kulle, na murɗa ta da filaya ta fito kamar kitso. Har na ɗan ja da baya ina kallon kyanta.

Ƙa'ida ce duk aikin da ya taɓa abin sarrafa jirgi sai wani injiniya na biyu, wanda bai sa hannu a aikin ba, ya zo ya duba da idonsa. Namu yana can kan wani jirgi a waje, sai muka zauna a kan akwatin kaya muna shan shayi. Wajen ƙarfe biyu da rabi ne. Na tambayi Oga abin da ke cina tun ɗazu: layi uku, akcuweta biyu a kowane eliron, uku a roda, ga famfon da ke haɗa kore da rawaya, ga kuma 'yar farfela da ke faɗowa daga cikin jirgi iska ta juya ta don ta ba shuɗi matsi in komai ya mutu. Duk wannan bai yi yawa ba?

Ya ce DC-10 ma layi uku gare shi. Ranar 19 ga Yulin 1989, jirgin United mai lamba 232 yana sama a Amurka faifan injin jela ya tarwatse, ɓaraguzan suka yanke layukan nan uku a lokaci guda, domin duk ta jela suka bi kusa da juna. Mai ya tsiyaye, sitiyari ya zama kwalliya. Da ƙara wuta da rage wuta a injinan fiffike biyu matuƙan suka lallaɓa shi har filin Sioux City, inda ya kife wajen sauka. Cikin mutum 296, 184 suka tsira. Shekara huɗu kafin nan, a Agustan 1985, Boeing 747 na Japan ya rasa layukansa huɗu bayan bangon baya ya fashe, mutum 520 suka mutu. "Tiyo uku in sun bi ta rami ɗaya," in ji shi, "tiyo ɗaya ne."

Wannan maganar ce ta dawo mini bayan 'yan shekaru, lokacin da na zauna kwas a kan manyan jiragen Airbus na baya-bayan nan. A A380, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2007, sun ajiye layi na uku gaba ɗaya. Layin mai biyu ne, kore da rawaya, a matsin fam 5,000 don bututu su ƙanƙance nauyi ya ragu, sai layin lantarki biyu. A350 ma haka aka yi masa. Wasu akcuwetocin nasu ba su dogara da matsin layin mai ba sam, da wutar waya kawai suke aiki. Kowacce tana ɗauke da motarta ta lantarki da ɗan famfonta da ɗan manta a cikinta. In kwamfuta ta ce tura, mota ta juya ta wannan gefen, in ta ce ja, ta juya ta wancan. Wasu kuma ruwa biyu ne, suna shan mai daga layi kamar kowa, in layi ya mutu su rufe ƙofa su koma kan motarsu. An ga amfanin haka ranar 4 ga Nuwamban 2010, da injin A380 na Qantas ya fashe jim kaɗan bayan tashi daga Singafo, ya huda fiffike, layin kore ya tafi, wayoyi da dama suka tsinke, amma jirgin ya juyu, ya sauka da mutum 469 ba wanda ya rasa ransa. Ni a ganina dabarar ba a yawan layi take ba, a bambancinsu take. Abin da zai tsiyayar da mai ba lallai ya kashe wuta ba.

Akwai kuma wadda ba mai a cikinta ko ɗigo: mota, giya, da dogon ƙarfe mai zare kamar na jak ɗin ƙaramar mota. Boeing 787 yana amfani da irinta a wasu daga marafan saman fiffike masu rage gudu, da wajen daidaita kwanciyar jela, har birkinsa na lantarki ne. Matasanmu suna son ta, ba yoyo, ba ƙaiƙayi. Ni ma ina son ta, amma na fahimci abin da ya sa har yanzu ba a damƙa mata eliron da elibeta na manyan jirage ba. Akcuwetar mai in ta lalace, sai a buɗe hanya tsakanin gaban fistin da bayansa, ta saki jiki, 'yar'uwarta ta ja ta. Zaren ƙarfe kuwa in ya cije ya cije, ya riƙe marfin a inda yake, ta kusa da shi ba ta da yadda za ta yi. Kuma yana son giris a kan lokaci. Jirgin Alaska mai lamba 261, MD-83, ya faɗa teku kusa da gaɓar Kalifoniya ranar 31 ga Janairun 2000 da mutum 88, saboda zaren notin da ke riƙe jelarsa ya cinye don ƙarancin giris.

Mai dubawa ya iso wajen ƙarfe uku, ba ya yawan magana. Ya karɓi takardar aiki ya karanta, ya hau tsani da tocila da ɗan madubi mai sanda. Ya taɓa nan, ya leƙa can. Sai ya tsaya. Ya kira ni da yatsa, ya haska wayar kullen nan da nake alfahari da ita, ya ce, "Malam, in notin nan ya so kwancewa, ta ina zai juya?" Na nuna. "To wayarka ta ina take ja?" Na bi ta da ido, sai gabana ya faɗi. Na ɗaura ta ta gefen da in notin ya fara saki, sakwarkwacewa za ta yi maimakon ta ƙara tsauri. A kwance nake aikin ina kallon sama, hagu da dama suka juye mini. Kitso ya yi kyau, amma ba abin da ya kulle.

Na juya wajen Oga. Ashe ya gani tun ɗazu, shiru ya yi don ya ga ko zan gano da kaina, in ban gano ba kuma ya ga ko mai dubawa zai kama, in duk mun wuce ya tsayar da mu kafin a rufe murfi. Bai yi mini faɗa ba. Filaya ya miƙo mini. Na yanke wayar, na sake sabuwa, wannan karon sai da na ɗora yatsa a kan notin na raya juyinsa a zuciya kafin in zura.

Muka mayar da fis-fis, aka cika tanki, aka mayar masa da iskarsa. Oga ya leƙa ko'ina ya tabbata ba kowa kusa da fiffike ko jela, ya yi kira da ƙarfi, sannan aka kunna famfon shuɗi. Juyin farko eliron ya tafi da 'yar rawa saboda iskar da ta maƙale a sabuwar akcuweta. Aka yi ta kai shi sama da ƙasa har motsin ya yi sumul. Na hau ɗakin matuƙa, aka kashe ELAC ta 2 don mu tabbata sabuwar ce kaɗai ke ɗauke da marfin. Na kai sanda hagu har ƙarshe, alamar da ke kan allo ta tafi digiri 25 sama, na kai dama, digiri 25 ƙasa. Na saki, ta dawo tsakiya. A ƙasa Oga ya auna bakin eliron da bakin fiffike ya ga sun daidaita yadda littafi ke so. Sannan aka juya, aka kashe ta 1 aka kunna ta 2, aka ba kore matsi ta famfon lantarki na rawaya. Nan take na'urar da ke haɗa layukan biyu ta fara kukan nan nata kamar haushin kare, wanda fasinjoji ke ji a ƙarƙashin ƙafarsu su ɗauka wani abu ya lalace. Muka sa kwamfutar jirgi ta yi nata gwajin, ba ta kawo ƙorafi ba. Na koma ƙasa da sabuwar farar takarda, na riƙe ta a ƙarƙashin akcuweta ana ta juyi. Ta fito a bushe.

Cike takardu ya kai mu kiran assalatu. Lambar wadda aka cire, lambar wadda aka sa, lambar sifana mai ma'auni da ranar da aka gwada ta, sa hannun Oga, sa hannun mai dubawa. Na ƙirga kayan aikina ɗaya bayan ɗaya, har guntayen wayar da na yanke sai da na tattara su cif. Tsohuwar akcuweta na toshe ramukanta, na ɗaura mata jan kati, na rubuta dalilin cirewa, za a aika ta inda za a warware ta a sake mata robobi.

Da gari ya waye ban tafi gida ba, na tsaya a bakin rumfa. Aka tura jirgin baya, eliron duka biyu a langaɓe. Injin farko ya kama, famfon shuɗi ya tashi da kansa, na ga na hagu ya miƙe ya daidaita da fiffike. Can da suka fara tafiya matuƙi ya yi gwajin da ake yi kafin kowane tashi, marfin ya ɗaga sama har ƙarshe, ya sauka ƙasa har ƙarshe, ya dawo tsakiya. Oga ya fito da jakarsa a kafaɗa, ya tsaya kusa da ni har jirgin ya sha kwana. Sannan ya nuna mini ƙasan rumfa, inda muka yi aiki, ya ce in je in goge man da ya zuba kafin ya cinye fentin daɓen.